Attajirin Senti Goma

Ni mutum ne da ba a damfara. Ba yabon kai ba ne, dangi ne suka shaida. Tun muna Kano, duk wanda aka zo masa da maganar "kawo dubu goma ka karɓi hamsin nan da sati", wurina ake turo shi in wanke masa ido. Ko da zama ya kawo ni Amurka, ina tuƙin motar haya a birnin Kolumbus na jihar Ohayo, ban sauka daga wannan kujera ba. Duk saƙon da aka yi shakkarsa a zauren WhatsApp na gida, ni ake jira in tashi daga barci in yanke hukunci. Saboda haka ka sani tun yanzu, mai karatu, abin da zan ba ka labari babu hannun kowa a ciki. Ba wanda ya bugo min waya, ba wanda ya yi min romon baka. Ni na haƙa ramin, ni na rufe shi da ciyawa, ni kuma na ja da baya na sheƙo a guje.

A ƙarshen watan Oktoban 2024 ne, na faka a filin jirgi ina jiran fasinja, sai na ci karo da labarin a waya. Wai an yi gwanjon tsabar senti goma ƙwaya ɗaya tal, wadda su suke kira daim, mu kuma a gidana muke ce wa sule, an sallama a kan dala 506,250. Na goge fuskar wayar da bakin riga na sake dubawa, lambar ba ta ragu ba. A canjin wancan lokacin kuɗin ya haura naira miliyan 800. Masu sulen wasu mata ne uku 'yan gida ɗaya, kuma 'yan Ohayo, jihar da nake shaƙar iskarta. Iyayensu masu gonar shanun madara ne. Mahaifiyarsu da ɗan'uwansu ne suka saye shi a 1978 kan dala 18,200, aka kulle shi a ma'ajiyar banki fiye da shekara arba'in, sai da ɗan'uwan ya rasu ya faɗo hannunsu. Guda biyu rak aka sani irinsa a duniya, ɗayan an sayar da shi a 2019 kan dala 456,000. Sirrin darajarsa kuwa, bugun 1975 ne, kuma an manta ba a sa masa harafin S ba.

Labarin yana da sauran bayani a ƙasa, amma fasinjana ya fito, kuma ni dama ba na cikin mutanen da sai an gama yi musu bayani suke ganewa.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, sulen nan shi ne ƙarami a duk tsabar Amurka, ko senti ɗaya ya fi shi faɗi. A 1946 aka fara sa masa kan Shugaba Franklin Roosevelt, wanda ya yi fama da shan inna, ya kuma kafa gidauniyar yaƙi da cutar, wadda jama'a suka riƙa aika wa irin wannan tsabar. Sama da shekarar bugu akwai wani ɗan mitsitsin harafi mai nuna gidan buga kuɗin da ya fito: D na Denver, S na San Faransisko, P na Filadelfiya, domin su da P suke fara rubuta sunan garin. Shekara da shekaru ina karɓar canjin nan ina watsawa a gwangwanin madara bayan ƙofa, ban taɓa sanin akwai harafi ba. A daren nan kuwa sai na shiga gida da tafiyar gwani.

Ko takalmi ban gama cirewa ba na shimfiɗa zanen gado a tsakar falo, na juye gwangwanin. Maman yara ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, lafiya? Haya ce ta taso?" Na ɗaga mata hannu alamar kada a dame ni. Na kunna fitilar waya, na kife a ƙasa, ina ɗaga sule ɗaya bayan ɗaya har idona ya fara ruwa. Ban kai rabin tulin ba sai ga shi. 1975. Na duba saman shekarar, fili fetal, ko ɗigo babu. Na juya shi, na sake juyowa, na rufe ido ɗaya, na hura masa iska. Babu S. Ƙafafuna suka yi sanyi. Abin da na fara tunawa, Allah ya yafe min, wani fasinja ne da ya taɓa yi min tsawa a kan na bi hanya mai nisa, na ji ina ma ya gan ni a wannan daren.

Kafin in kwanta na samu na biyu.

A nan ne mai hankali zai tsaya ya ce, to, duniya kaf biyu ta sani, yaya aka yi gwangwanin madarata shi kaɗai ya haifi biyu? Ni ma tambayar ta zo min, ba zan yi ƙarya ba. Amsar da na ba kaina ita ce: Turawa ba su da haƙurin dubawa. Mutumin da ke biyan kuɗin shayi da kati, yaushe zai durƙusa ya kalli sule? Dukiya ce kwance a ƙasa tana jiran mai ido, Allah kuma ya kawo ni daga Kano.

Washegari na je banki. Na gano cewa ana ƙunshe sule hamsin-hamsin a takarda, ƙunshi ɗaya dala biyar, kwali guda kuma ƙunshi hamsin ne, wato sule 2,500 kan dala 250. Kuɗin da na ɗauka na zubin adashin Maman yara ne, da niyyar in mayar mata da ribar da za ta sa ta kuka. Ma'aikaciyar bankin ta turo min kwalin ta tambaya ko shago nake da shi. Na yi murmushin wanda ya san abin da banki bai sani ba, na ce mata harka ce ta bincike. Kwalin nan ɗan ƙarami ne a ido, amma ya haura kilo biyar, na rungumo shi ina ɗan karkacewa ina waige-waige, ko wani ya biyo ni.

Daga nan gidanmu ya koma ma'aikata. Na sayo gilashin ƙara girma, na ƙwace teburin cin abinci, aka koma ci a ƙasa. Yatsuna suka yi baƙi ƙirin, suna ƙarnin ƙarfe wanda ko sabulu bai fitarwa. In na kai loma baki, tuwon ma ɗanɗanon kwabo yake yi. Na rage fita aiki, domin wane attajiri ne zai tsaya ɗaukar akwatin wani a filin jirgi? Marasa harafi kuwa sai fitowa suke yi. Ga na 1966, ga na 1972, ga na 1978, tuli guda. Waɗannan na zuba su a kofi na sa musu suna 'yan rakiya, na ce ko ba su kai rabin miliyan ba, ba za su rasa na sayen mota ba. 'Yan 1975 kuma, manyan baƙi, sai da suka kai goma sha ɗaya. Na naɗe kowanne a auduga, na jera su a gwangwanin man shafawa, na cusa gwangwanin a safa, na sa safar a aljihun babbar rigar sallata, na rataye ta can ƙuryar durowa.

Lissafi ne ya so ya zautar da ni. Goma sha ɗaya sau rabin miliyan, ka mayar naira, ka ga inda mutum ya tsaya. Amma da yake ni mai hangen nesa ne, sai wata damuwa ta kama ni: in na fito da su gaba ɗaya, kasuwa za ta karye. Na kwana ina tsara yadda zan riƙa sakin ɗaya duk bayan shekara biyu, don kada in cuci sauran masu riƙe da irinsa, su biyun nan. Har tausayinsu na ji.

Sirri irin wannan ba ya zama a ciki. Ban faɗa wa kowa kai tsaye ba, na dai aika saƙon murya zauren gida na ce a taya ni da addu'a, akwai wani alheri da ya tunkaro, wanda in ya tabbata ba wanda zai sake hawa Adaidaita a zuriyarmu. Yaya ya kira ni a keɓe. Na ce, "Yaya, a fara duba mana fili, amma kada ya gaza a yi gida huɗu da masallaci." Ya ce a wace unguwa? Na ce unguwar da ba a tambayar farashi. Surukata kuma da muka gaisa na ce, "Hajiya, a duba fasfo ko ya kusa ƙarewa, azumin bana a Makka za a yi shi in sha Allahu." Ta yi ta sa min albarka har katin ya ƙare. Ranar Juma'a bayan an idar, na tara 'yan uwa direbobi a bakin masallaci ina yi musu darasi a kan D da S da P, ina zana haruffan a tafin hannu, ina ƙarewa da cewa ilimi ne ke raba mutum da talauci. Wani dattijo ya laluba aljihu ya ciro canjinsa yana dubawa, na dafa kafaɗarsa na ce, "Baba, ba kowa ake ba wa ba."

'Yata ta fari, wadda ke sakandare, ita ce ta karanta labarin har ƙarshe. Ta same ni a kan tebur ta ce, "Abba, sun ce fa wanda ake nema bugu ne na musamman, fuskarsa tana sheƙi har mutum ya ga kansa a ciki. Naka kuwa duk sun dushe." Na kalle ta ta saman gilashi. Na ce, "Ke, abin da ya yi shekara kusan hamsin yana yawo a hannun mutane, ko ke ce ai kya dushe." Ta buɗe baki za ta ƙara, na ce ta je ta yi aikin makaranta, harkar manya ce.

Sai dai maganar ta tsaya min a rai, kuma na samo mata magani irin namu. In sheƙi suke so, ai sheƙi ba ya gagarar wanda ya tashi a gidan da ake wanke tukwane. Toka ce ta yi wuya, tunda murhunmu na lantarki ne, sai na tuna da kaskon turaren wutar Maman yara. Na kwashe tokar gawayin, na matse lemun tsami a kai, na ɗauko soson ƙarfe. Bayan kowa ya yi barci na tsaya a bakin famfon kicin ina dirzar kan Roosevelt, ɗaya bayan ɗaya, har gashin kansa ya fara shafewa. Suka fito fes, suna walƙiya suna ƙamshin sandal. Toka ta yi saura, ni kuma ba na son almubazzaranci, sai na juye 'yan rakiya ma na bi ta kansu.

Ranar zuwa shagon masu sayen tsofaffin kuɗi na sa babbar rigar, na kafa hula zanna, na fesa turare. Na ɗauki wani abokina ɗan Damagaram, ƙato ne majiyi ƙarfi, a matsayin mai tsaron lafiya, da alƙawarin zan canza masa mota. A hanya na ja masa kunne: in Bature ya faɗi farashi, kada ya nuna zumuɗi, ya bar ni da shi, ni na san ciniki tun daga Kantin Kwari. Mai shagon wani tsoho ne mai gilashi rataye a wuya, yana cin biskit. Na yi gyaran murya na tambaya ko akwai ɗaki na ciki inda za mu yi magana. Ya ce nan ma ya isa. Na zura hannu a aljihu na zaro safa a gaban mutane, na zaro gwangwani daga safa, na buɗe auduga. Abokina ya juya baya ya tsare ƙofa, ya harɗe hannuwa.

Tsohon ko gilashinsa bai ɗaga ba. Ya leƙa, ya ce, "1975, babu harafi?" Na ce ƙwarai, cikin muryar da na yi ta gwadawa a mota. Sai ya miƙa hannu gefen na'urar kuɗi ya zaro wata takarda daga cikin tuli, an buga ta da hotuna biyu, ya ajiye a gabana. Tuli fa na ce. Tun da labarin gwanjon ya fita, in ji shi, ba ranar da ba a shigo masa da irin wannan ba, har ya gaji da maimaitawa ya buga bayanin. Ashe ko a wauta ban zo na ɗaya ba.

Ya dai yi min bayanin da baki, a hankali, irin yadda ake yi wa mara lafiya. Filadelfiya ba ta fara sa P a kan sule ba sai 1980. Kafin nan duk sulen da ta buga haka yake fita ba harafi, kuma daga 1965 zuwa 1967 ma ba gidan da ya sa harafi ko ɗaya. A 1975 kaɗai an buga marasa harafi sama da miliyan 585. Na yi lissafin a tsaye, ni mai son lissafi: kowane ɗan Amurka ya ɗauki ɗaya, kowane ɗan Najeriya ya ɗauki ɗaya, a ga saura. Wanda ya yi rabin miliyan kuwa daga San Faransisko ya fito, cikin jerin da ake bugawa don masu tarawa kawai. Ana goge hatimin bugu da ƙarfen har su yi sheƙi, a buga kowane sule fiye da sau ɗaya don zanen ya fito raɗau, a rufe shi a roba, ba ya shiga kasuwa balle ya zo gwangwanin madara. A wancan zamanin da hannu ake dasa harafin a jikin hatimi, sai aka tura wani hatimi ba a dasa masa S ba. Cikin jeri sama da miliyan 2.8 da aka sayar a shekarar, biyu kacal aka gani da wannan kuskure. An yi irinsa a 1968 da 1970 da 1983, su ma suna da kuɗi, amma duk a cikin roba ake samunsu.

Na tattaro sauran mutuncina na ce, to nawa zai saya? Ya ƙirga da ɗan yatsa ya ce dala ɗaya da senti goma. Daga bakin ƙofa na ji wani sauti ya kuɓuce wa mai tsaron lafiyata, ya mayar da shi tari.

Da na tsaya a nan da da sauƙi. Amma na ce bari in gwada 'yan rakiya, na juye kofin a kan gilashin kantarsa. Ya baza su da gefen hannu yana girgiza kai, can sai ya tsaya. A karon farko ya ajiye biskit ya ɗaga gilashin wuyansa. Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da fitila, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya dube ni da wani irin baƙin ciki. Ya ce, "Me ka yi masa?" Sulen 1982 ne, ba harafi. Wannan kam kuskure ne na gaske, domin a lokacin Filadelfiya ta riga ta fara sa P, aka manta da shi a hatimi, sulallan suka shiga hannun jama'a. Da yawansu ma a nan Ohayo aka fara ganinsu, wajen garin Sandusky. Mai lafiya yakan yi daga dala gommai zuwa ɗaruruwa. Nawa kuwa na dirje shi da soson ƙarfe har fuskar Roosevelt ta yi zane-zane kamar gindin tukunya. Ya ce a wannan harka ba abin da ke kashe daraja irin wanki. Dattin shekaru da nake ƙyama shi masu saye suke so su gani. Ya kai shi hanci ya sansana, ya tambaye ni ƙamshin mene ne wannan. Ban iya ce masa turaren wuta ba ne. Garin gyaran gira na rasa ido.

Kunya ba ta bar ni na fita hannu rabbana ba. Mutum ya shigo da babbar riga da ɗan rakiya, ai ba ya fita haka kawai. Na tambaye shi, da muryar wanda dama abin da ya kawo shi ke nan, ko yana da sule mai harafin da ba a cika samu ba. Ya ciro na 1996 mai W, bugun West Point, wanda aka yi don cikar sulen Roosevelt shekara hamsin, guda 1,457,000 kawai, kuma ba a sake shi kasuwa ba sai a cikin jerin masu tarawa. Na saya. Ya nuna min jerin 1975 na gaske a robarsa, S ɗinsa zaune daram a saman shekara, yana sheƙin da toka ba ta bayarwa. Shi ma na saya. Har ya ƙara min da nasiha kyauta: in dai sai na duba canji, in riƙa kallon gefen sule, wanda ba shi da jan layin tagulla a tsakiya, bugun 1964 ne ko kafin nan, kashi 90 cikin ɗari azurfa, ya fi dala biyu a lokacin. Na tuna wasu farare tas da na ture gefe don suna da harafin D a baya, na kuma ba yara suka sayi alewa da su. Ban ce komai ba. Mutumin da ya shigo karɓar dala miliyan biyar da rabi, sai ga shi yana miƙa katin banki.

A mota abokina bai yi magana ba har muka hau babban titi, sannan ya ce, "Alhaji, motar tawa wace kala za a saya?"

Saura mayar da kuɗin adashi. Bankin ya ce sai an ƙunshe su yadda aka ba ni, don haka muka zauna ni da yara muna ƙirga hamsin-hamsin muna cusawa a takarda, ƙaramin yana ɓata lissafi ana sakewa. Maman yara ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta zo ta tsaya a kaina da kaskonta wayam, ta ce, "Malam, in an gama da dukiyar, a sayo min gawayi." Har yau in baƙi suka zo aka kawo shayi, takan ce a ba attajiri nasa a kofin 'yan rakiya.

Surukata na lallaɓa ta da cewa harkar ta ɗan samu tsaiko, ta ce ba komai, fasfonta yana da sauran shekara uku, tana jira. Yaya ne matsalar, domin ya riga ya ba dillali lambata, dillalin kuma ba ya la'akari da bambancin lokaci, ƙarfe ukun dare yake kira ya ce an samu wani mai fuska biyu a bakin titi. Don Allah duk wanda ya san dillalin nan ya gaya masa ya saki filin. Kai kuma da ɗan'uwanka ya dawo daga Amurka ya bar maka tsaba a aljihun jaka, in ka ga 1975 ba harafi, senti goma ne, kada ka kira kowa. In kuwa 1982 ka gani ba harafi, ka nisanta shi da lemun tsami, ka neme ni.